Yadda ɗan jarida zai yi aiki a Sakkwato a zamanin da kowa ke riƙe da waya

A daren duban watan azumi ko na ƙaramar salla, tun kafin a idar da sallar isha'i, wayoyin mutanen Sakkwato sukan cika da saƙon cewa an ga wata a gari kaza, wani lokaci har da hoton jinjirin watan da babu wanda ya san shekarar da aka ɗauke shi. Duk da haka akasarin jama'a ba sa ɗaura niyya sai sun ji sanarwa daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, domin sun san cewa a can akwai kwamitin da ke karɓar shaida, ya bincika, ya auna, kafin a yi magana. Halin da aikin jarida ya shiga ke nan a yau. Saurin kai labari ya fita daga hannun 'yan jarida ya koma hannun duk wanda ke da waya da data, abin da ya rage musu kuwa, wanda darajarsa ta ƙaru, shi ne su zama muryar da idan ta ce abu ya tabbata sai hankalin mutane ya kwanta.

A da ƙofofin labari 'yan kaɗan ne, kuma kowace tana da mai tsaronta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da Sashen Hausa na BBC da ya soma watsa shirye-shirye a 1957, da gidan rediyon Rima a nan gida, dukkansu suna da edita wanda labari ba ya fita sai ya bi ta hannunsa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, intanet ya biyo ta cikin aljihun mutane, har aka kai ga jarida irin Premium Times, wadda aka kafa a 2011, ta yi suna a faɗin ƙasa ba tare da ana sayar da ita a bakin titi ba. Yau manyan gidajen rediyon da kansu sukan sa labari a shafukansu sa'o'i kafin lokacin shirinsu ya yi. Kuɗin talla ma sun bi mutane inda suka koma, wato Facebook da Google da YouTube da TikTok. Matashin da ya gama karatun aikin jarida, ko wanda ya goge a ƙungiyoyin 'yan jaridar ɗalibai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, zai tarar da cewa shi ne wakilin, shi ne editan, shi ne mai ɗaukar hoto, kuma shi ne mai neman talla. Dominsa aka yi wannan bayani, da kuma ƙanwarsa da ta zaɓi wannan sana'a.

Abu na farko shi ne ka zaɓi fagen da za ka tsaya a kai. Babu amfanin buɗe shafi domin kwafo labaran Abuja da Legas, tun da waɗanda suka fi ka ma'aikata da kayan aiki sun riga sun wallafa su. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, amma yawancin manyan kafofin labarai wakili ɗaya suke ajiyewa a babban birni, shi kuma ba zai iya zama a Gudu da Kebbe da Isa a rana ɗaya ba. Farashin albasa da gero, halin da masu noman rani ke ciki a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, cinikin dabbobi da zirga-zirgar kan iyaka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, rashin magani a asibitin karkara, makarantar da rufinta ya yaye, waɗannan su ne labaran da mai karatu ba zai same su a wani wuri ba. Ka ɗauki ɗaya ko biyu ka lazimce su har a san ka da su. Sannan ka tara lambobin mutanen da ke zaune a wuraren: ma'aikacin jinya, shugaban makarantar firamare, direban da ke bin hanyar kullum, sarkin kasuwa, limami, wani na kusa da uban ƙasa, da mata masu sana'a, waɗanda sau da yawa sun fi maza sanin abin da ke faruwa a cikin gidaje. Ka riƙa kiransu kuna gaisawa ko da babu labari, domin wanda ba ya jin muryarka sai ranar da aka yi ɓarna ba zai saki jiki da kai ba.

Daga nan sai babban aikin, wato tantancewa, kuma a nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Mutanen wannan ƙasa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Aya ta shida a Suratul Hujurat ta yi umarni da a nemi bayani idan wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari, kuma malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambayar wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji. Tambayar ke nan da za ka yi wa kowane saƙo. Idan aka turo maka saƙon murya cewa an kai hari wani ƙauye, ka koma wa wanda ya turo ka tambaye shi ko shi ya ɗauki muryar ko shi ma turo masa aka yi, ka bi sawu baya har ka isa ga wanda ya gani da idonsa. Idan sawun ya ɓace a hanya, to abin da ke hannunka ji-ta-ji-ta ne. WhatsApp yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, kuma wannan alama kaɗai ta isa ta sa ka ƙara taka-tsantsan. Waɗanda suka yi wayo a watan Agustan 2014 suna tune da daren da aka riƙa tashin mutane daga barci da kira da saƙonni cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha domin kariya daga cutar Ebola. Maganar ta ratsa ƙasar nan kafin gari ya waye, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

Hoto da bidiyo sun fi murya saurin ruɗar mutane, saboda an saba cewa gani ya kori ji. Kafin ka yarda da hoto, ka sa shi a manhajar binciken hoto irin Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fitowa a intanet, domin da yawa daga hotunan gawawwaki da na gidajen da aka ƙona da ake jinginawa ga garuruwanmu an ɗauke su ne shekaru da suka wuce, wasu ma a wata ƙasa. Idan bidiyo ne, ka tsayar da shi a wurare biyu ko uku, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka yi amfani da sanin ƙasa, wanda a nan ka fi kowace na'ura. Ka dubi lambar mota da kakin jami'an tsaro, ka dubi irin ginin da rufin rumbuna, ka saurari karin harshen masu magana, ko Sakkwatanci ne ko Hausar wani yanki. Idan an ce abin ya faru jiya cikin watan Maris amma ka ga dawa ta yi kore shar a bayan mutanen, ka san cewa da damina aka ɗauka. Idan kuma kana da mutum a wurin, ka roƙe shi ya turo hoton a matsayin fayil, domin ta haka bayanin ranar da aka ɗauke shi yakan biyo shi, alhali turawar yau da kullum tana goge wannan bayani.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wadda ke iya kwaikwayon muryar malami ko ɗan siyasa ta sa masa maganar da bai taɓa yi ba. Duba motsin leɓe da ƙyaftawar ido yana taimakawa, amma na'urorin suna ƙara ƙwarewa kullum, saboda haka hanyar da ta fi tabbas ita ce tsohuwar hanya: ka kira mutumin ko kakakinsa, ka nemi cikakken karatun ko jawabin da aka yanko guntun daga cikinsa, ka tambayi wanda ya halarci majalisin. Cibiyoyin tantance labarai irin su Dubawa, wadda ta fara aiki a 2018, da Africa Check suna wallafa abin da suka bincika, kuma yana da kyau ka leƙa ko sun riga sun yi aiki a kan abin da ya zo hannunka.

Adadin waɗanda suka mutu shi ne wurin da aka fi yin kuskure, kuma kuskuren yana da ciwo ga iyalai. A sa'o'in farko mutanen gari sukan ƙirga har da waɗanda suka gudu daji ba a gan su ba, hukuma kuma takan faɗi adadin da ya yi ƙasa. Ka nemi wanda ya halarci jana'iza ya faɗa maka gawa nawa aka sallata, ka nemi ma'aikacin asibitin da aka kai masu rauni, ka kira kakakin rundunar 'yan sanda. Idan alƙaluman sun saɓa, ka kawo kowanne da sunan mai shi, kada ka zaɓi mafi girma domin ya fi jan hankali. Ba aibi ba ne ka rubuta cewa an tabbatar da harin amma ana kan tattara adadi. Kuma kada ka taɓa wallafa sunan mamaci ko hoton gawarsa kafin iyalinsa su sani, domin babu uwar da ta cancanci ta ga ɗanta a kwance a shafin Facebook kafin a zo a yi mata gaisuwa.

Wannan ya kai mu ga tsaron majiya, wanda a gabashin Sakkwato magana ce ta rai da mutuwa. 'Yan bindiga suna da wayoyi, suna kallon abin da ake wallafawa, kuma suna da masu kai musu rahoto a cikin garuruwa. Manomin da ya yi maka bayanin harajin da aka ɗora wa ƙauyensu zai kwana a ƙauyen bayan kai ka koma birni. Ka ɓoye fuskarsa da sunansa, ka sauya muryarsa ko ka karanta maganarsa da bakinka, ka kuma lura da abin da ke bayansa a hoto, domin ƙofar gida ko bishiyar da kowa ya sani ta isa ta tona shi. Ko da ya ce ba ya tsoro, kai ne ka san iyakar inda bidiyon zai kai. Ka sa wa wayarka makulli, ka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook saboda masu kutse, kada kuma ka ajiye lambobin irin waɗannan mutane da cikakken suna da garinsu. Bidiyon da 'yan bindiga ke ɗauka da kansu suna baje makamai da kuɗi kuwa, domin tsoratarwa suke yin sa, kuma duk wanda ya ƙara yaɗa shi ya yi musu aiki kyauta. Kana iya ba da labarin abin da ke ciki ba tare da ka ɗora shi a shafinka ba.

Wajen rubutu, ka tuna cewa mai karatunka yana riƙe da ƙaramar waya, datarsa ƙididdigaggiya ce, cajinsa ma haka. Ka sa gundarin labarin a jimlar farko: me ya faru, a ina, yaushe, wa ya faɗa. Kan labari ya faɗi abin da ke ciki, ba tare da ɓoye rabi don a tilasta wa mutum ya latsa ba. Kalmar "da ɗumi-ɗumi" ta rasa ƙarfinta saboda an ɗora ta a kan komai, don haka ka adana ta sai ranar da ta dace. Ka rubuta Hausa da ƙa'idarta, da ɓ da ɗ da ƙ a inda suke, tun da madannan wayoyi na yanzu suna da su. Idan ka yi amfani da na'ura wajen fassara sanarwar gwamnati, ka zauna ka gyara ta jimla bayan jimla, musamman sunaye da alƙaluman kuɗi.

Kada ka tsaya a rubutu kaɗai. Mutane da yawa a karkara, musamman mata da dattawa, ba sa karanta boko, amma suna sauraren saƙon murya. Nana Asma'u ta fahimci wannan tun a ƙarni na 19, lokacin da ta tsara ƙungiyar mata ta 'yan taru, inda jajoji, wato shugabanninsu, ke haddace waƙoƙin ilimi su kai wa mata a ƙauyuka da baki. Taƙaitaccen labari na minti biyu ko uku da muryarka, wanda ka fara da sunan kafarka da kwanan wata, zai shiga inda rubutu ba ya shiga. Faɗin kwanan watan yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi zai hana a dawo da muryar bayan shekara a ce yau abin ya faru. Tashoshin WhatsApp da aka ɓullo da su a 2023 sun fi zauren taɗi dacewa da wannan, tun da mabiya ba sa ganin lambobin juna.

Idan ka yi kuskure, ka gyara a fili, a wurin da ka yi shi, ka faɗi abin da ka sauya. Goge rubutu a ɓoye ba ya amfani, domin wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Maganar kuɗi ita ce ta fi kayar da masu wannan aiki, kuma ya kamata a yi ta ba tare da kunya ba. Mai shagon atamfa da a da zai kai talla gidan rediyo yanzu yana ɗora kayansa a WhatsApp kyauta, saboda haka gwamnati da 'yan siyasa suka zama manyan masu talla, wanda kuwa ke ciyar da kafar labarai yakan so ya zaɓa mata abin da za ta faɗa. Matasa da yawa suna sa rai ga kuɗin YouTube, amma kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin wata 12, kuma abin da ake biya kan masu kallo daga Nijeriya bai kai wanda ake biya kan masu kallo daga Amurka ko Ingila ba. Mafi muni, tsarin yana saka wa abin da ya fi tayar da hankali, shi ya sa ake ganin shafukan da suka fara da labarai sun ƙare da tonon silili da zagin malamai. Ina ganin wanda ya dogara da wannan hanya kaɗai zai wayi gari yana yi wa na'ura aiki, ya manta da mutanen da ya fara aikin dominsu.

Abin da ya fi dorewa shi ne ka tara ƙananan hanyoyi da yawa, yadda babu mutum ɗaya da zai iya rufe maka baki ta hanyar janye kuɗinsa. Rahoton farashin kasuwa na mako-mako abu ne da mai sayar da taki ko irin shuka zai yarda ya ɗauki nauyinsa. Makarantu masu zaman kansu da asibitoci da masu sayar da kayan sola suna neman mutanen da ke cikin gari, kai kuma su ne mabiyanka. Sakkwatawan da ke zaune a Legas da Abuja da ƙasashen waje suna ƙishirwar sahihin labarin gida, kuma wasunsu za su iya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata idan sun ga aikin yana da tsabta. Cibiyoyin bunƙasa aikin jarida irin su CJID da ICIR da cibiyar Wole Soyinka ta binciken ƙwaƙwaf sukan ba da horo da tallafin yin rahoto ga wanda ya kawo tsari mai kyau. Ka yi wa kafarka rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe mata asusun banki dabam da naka, ka rubuta kuɗin tallarka a takarda yadda kowa zai biya abu ɗaya. Duk abin da aka biya ka wallafa, ka rubuta "talla" a samansa ƙarara. Ambulan da ake miƙawa bayan taron manema labarai da sunan na goro ko kuɗin mota kuwa, na san halin matsin da ake ciki, kuma na san akwai wakilan da ke yin watanni ba albashi, amma wanda ya karɓa yau zai ji nauyin buga waya gobe ya yi tambaya mai zafi. Haka nan ba a haɗa aikin jarida da zama ɗan midiyar wani ɗan siyasa. Kowanne sana'a ce, sai dai mutum ya zaɓi ɗaya ya kuma faɗa wa mabiyansa wadda ya zaɓa.

Ka san dokokin da suka shafe ka. Dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, an sha amfani da ita wajen kama 'yan jarida, kuma ko da yake an yi mata gyara a 2024, kamun bai tsaya ba. Kariyarka ita ce hujja: ka ajiye muryoyin hirarraki da takardu da saƙonnin da ka aika wa wanda ake zargi kana neman jin ta bakinsa, tare da ranar da ka aika. Kada ka kira mutum ɓarawo alhali kotu ba ta kira shi haka ba. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar gwamnati kana neman takardun kwangila ko na kashe kuɗi, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ka kai wasiƙar da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Ka shiga ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, ka kuma san lauya ɗaya da zai ɗauki wayarka ko da tsakar dare ne.

Kada ka gina duk aikinka a dandalin da ba naka ba. A 2018 Facebook ya sauya tsarinsa ya rage nuna labaran kafofin watsa labarai, gidajen jaridu da yawa a duniya suka ga masu karatunsu sun ragu ba tare da sun yi laifin komai ba. Gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A watan Satumban 2021 kuma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutanen yankunan suka koma ba su da hanyar jin labari sai rediyo da bakin matafiya. Saboda haka ka mallaki shafin intanet naka ko da ƙarami ne, inda duk rahotanninka za su zauna da kwanan watansu, ka riƙa adana kwafin hotuna da muryoyi a wani wuri dabam da wayarka, ka kuma rubuta muhimman lambobi a littafi. Ka ƙulla alaƙa da wani gidan rediyo a cikin gari wanda zai riƙa karɓar rahotonka, ka san direbobin tashar da ke zuwa yankunan da kake bibiya da ranakun da suke dawowa, domin ranar da sabis ya ɗauke, ta hannunsu labarin Sabon Birni ko Tangaza zai iso gare ka.